Ƙafar Baba tana ɗaurewa in ya yi tafiya: sanyi ne ko jijiya?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Mahaifinmu shekararsa 64, a Gwammaja muke zaune. Kusan shekara guda ke nan in ya taka daga gida zuwa masallaci sai sha-raɓarsa ta dama ta ɗaure, dole ya tsaya ya dafa bango, bayan minti biyu ko uku ta sake shi ya ci gaba. Yana da hawan jini da ciwon suga, ya daɗe yana shan taba amma yanzu ya rage. Wasu sun ce sanyi ne. Mai kemis ya ce kumburin jijiya ne, ya haɗa masa maganin ciwon jiki. Wani abokinsa ya ce jijiyoyin ne suka yi tauri saboda shekaru. Gwaggonmu kuma ta ce a kira wanzami ya yi masa ƙaho a wurin. Mene ne bambancin kumburin jijiya da taurinta, kuma me ya kamata mu yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ce.

Rabin rikicin da ke cikin tambayarka daga bakinmu ya fito. Bahaushe jijiya ɗaya ya sani. Igiyar da ke ɗaure tsoka da ƙashi, irin agara, jijiya ce. Farin zaren da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa da laka zuwa gaɓoɓi, wanda in ka bugi gwiwar hannu kake jin kamar lantarki ya ja ka, shi ma jijiya. Koren layin da nas take nema a bayan hannu in za ta sa ƙarin ruwa, jijiya. Wadda kake jin tana harbawa a wuyan hannu, ita ma haka. Abu huɗu ne, kowane da aikinsa da cutarsa, har likitocinsu ma daban ne. Shi ya sa in mutum ya zauna gabana ya ce ciwon jijiya ke damunsa, nakan ce masa, to Malam, har yanzu ba ka gaya mini komai ba, nuna mini wurin, sannan ka faɗa mini yaushe yake tashi, yaushe yake kwanciya.

Kai kuwa ka faɗa. Tafiya ce ke tayar da shi, tsayawa ke kwantar da shi, a tsoka yake, kuma kusan a wuri ɗaya yake kama shi kullum. In ka tambayi Baba, wataƙila ya nuna maka ƙofar gidan da ya saba tsayawa. Wannan labari, daga bakin dattijo mai suga da hawan jini da tarihin taba, sunansa ɗaya har sai gwaji ya ce ba haka ba: jijiyar da ke kai jini ƙafar ta tsuke.

Ga dalili. Tsoka in tana zaune, jini kaɗan ya ishe ta. In ta fara aiki sai buƙatarta ta ninka sau da yawa. Ka ɗauki tsohon bututun ruwa da tsatsa ta cika cikinsa. In buta ɗaya za ka tara, ba ka sanin da matsala. Ranar da aka yi suna a gidan, kowa ya zo da bokiti, a ranar asirinsa ke tonuwa. Kuma lissafin bututu yana da mugunta: in faɗinsa ya ragu da rabi, abin da zai wuce yakan koma kashi ɗaya cikin 16 na da. Tafiya zuwa masallaci ita ce ranar sunan sha-raɓar Baba. Tsokar ta nemi iskar da jini ke kawo mata, ba ta samu isasshiya ba, ta ɗaure. Ya tsaya, buƙata ta sauka, ta saki.

Sauran abubuwan da ake rikita shi da su kowane da halinsa. Sanyin ƙashi a gaɓa yake zama, a gwiwa ko ƙugu, ya fi tsanani in an tashi daga zama ko da sassafe, wani lokacin ma in an ɗan taka sai ya lafa. Lalacewar jijiyar saƙo da suga ke jawowa raɗaɗi ce da zugi da jin kamar kiyashi na tafiya, ta fi kama tafin ƙafa biyu, ta fi tashi da dare, ba ruwanta da tafiya. In ƙashin baya ne ya matse jijiyar saƙo, tsayawa cak ba ta wadatarwa, sai mutum ya zauna ko ya sunkuya. In jijiyoyin da ke mayar da jini zuciya ne suka gaza, ƙafa nauyi take yi ta kumbura da yamma, in aka ɗora ta kan matashi ta ji daɗi. Ƙafar da jini bai isa ba kuwa, ɗaga ta sama ƙara mata azaba yake yi. Mai suga yana iya haɗa biyu ko uku daga cikin waɗannan a ƙafa ɗaya, shi ya sa dole a duba.

Yanzu maganar tauri. Abokin Baba ya faɗi rabin gaskiya. Jijiyar yaro kamar sabuwar robar gwafa take, zuciya ta turo jini ta miƙe, ta dawo. Zuciya tana bugawa kusan sau 100,000 a rana. Shekara sittin ana wannan, roba ta gaji, ta ƙage. Shi ne kake ganin dattijo an auna shi an samu 170 bisa 70, lambar sama ta haye, ta ƙasa ta yi ƙasa. Wannan tauri na shekaru ne, ko da yake hawan jini da suga da ciwon ƙoda suna gaggauta shi.

Amma abin da ke tsuke hanya wani ne, kuma shi na fi so ka gane sosai. Mutane suna zaton maiƙo ne yake daskarewa a cikin bututun yadda man shanu ke daskarewa a kwalba da hunturu, har wasu suna neman abin sha mai zafi ko mai tsami da zai narkar da shi. A cikin jikin bangon jijiyar abin yake. Cikin kowace jijiya akwai shimfiɗa siririya ƙwarai, mai santsi, kaurin ƙwayar halitta ɗaya tak, ita ke hana jini maƙalewa. Hayaƙin taba yana ƙona ta, hawan jini yana dukan ta, suga mai yawa yana cin ta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙadangaren a nan shi ne wani nau'in maiƙo da ke yawo a jini, kolestarol, wanda hanta ce ke yin mafi yawansa, saboda haka siriri ma yana iya tara shi. Ya kutsa ƙarƙashin shimfiɗar ya zauna. Fararen ƙwayoyin jini, sojojin jiki, su bi shi su haɗiye, su ci har su kumbura su mutu a wurin. Jiki ya yi wa tarkacen murfi da tabo. Shekara da shekaru abin yana tudu, yana turo bango ciki, daga baya sinadarin kalsiyam ya zauna a kansa ya yi ƙarfi. Likitan tiyata in ya taɓa irin wannan jijiya sai ya ji ta kamar karan dawa busasshe.

Ba a tsufa yake farawa ba. A 1953 likitocin sojan Amurka sun wallafa abin da suka gani a gawarwakin sojoji 300 da aka kashe a yaƙin Koriya, matsakaicin shekarunsu 22: kusan kashi 77 cikin 100 an samu alamar wannan tudu a jijiyoyin zuciyarsu. Kuma masu cewa cutar zamani ce kaɗai, ta lemon kwalba da zaman ofis, su ma ba su cika daidai ba. A wani bincike da aka wallafa a 2013 an ɗauki hoton gawarwaki 137 na mutanen da, har da na Masar ta zamanin Fir'auna, aka ga alamarsa a kusan kashi ɗaya cikin uku. Tsohuwar cuta ce, mu dai mun ƙara mata mai da taba da gishiri da suga da hawa adaidaita sahu daga Ƙofar Mata zuwa Kwari.

To a nan mai kemis ya ɗan kusanci gaskiya ba da saninsa ba, domin wannan tudu yana tafe da wani irin kumburi na ɓoye, marar zafi, marar zazzaɓi. Sai dai maganin ciwon jiki ba ya taɓa shi. Zan dawo kan wannan haɗin da aka ba Baba.

Haɗarin tudun iri biyu ne. Yana iya tsuke hanya a hankali, kamar yadda ya yi wa ƙafar Baba. Yana kuma iya fashewa kamar maruru, sai dai cikin bututun yake fashewa. Jini ya ga rauni, ya yi abin da ya saba yi a kan rauni, ya daskare. Cikin mintuna gudan jini ya toshe hanyar ɗungurungum. In a jijiyar zuciya ne, shi ne bugun zuciyar da ake cewa wane yana zaune a shago lafiya lau ya dafe ƙirji ya faɗi. In a ta wuya ko ta ƙwaƙwalwa ne, shanyewar ɓarin jiki.

Nan ne zancen da na fi so ka kai gida. Jijiyoyin jiki gida ɗaya ne, jini ɗaya ke bi ta cikinsu, taba ɗaya da suga ɗaya suka sha. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Mafi yawan masu irin ciwon Baba ba sa rasa ƙafar, ko da yake suga da taba suna ƙara wannan haɗarin sosai. Abin da ya fi kashe su zuciya ce da ƙwaƙwalwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 17.9 suka mutu da cututtukan zuciya da jijiyoyin jini a 2019, kusan kashi ɗaya cikin uku na duk mace-macen duniya, kuma fiye da kashi uku cikin huɗu a ƙasashe irin namu masu ƙaramin ƙarfi da matsakaici. Ni a wurina sha-raɓar Baba ɗan aike ce. Ta zo ta sanar da abin da ke faruwa a wuraren da ba sa magana sai ranar da suka tsaya.

Akwai wani ɗan aiken da maza ba sa son a ambata, amma tunda likita ka tambaya, bari in faɗa. Jijiyoyin gaba sun fi na zuciya ƙanƙanta, saboda haka su sukan riga tsukewa. Magidanci da ya ga rauni ya fara kama shi ta nan, musamman mai suga ko mai shan taba, awon jini da na suga ya kamata ya fara nema kafin kwalbar mai tallar magani da lasifika a bakin kasuwa.

Shi kuwa kumburin jijiyar jini na ainihi, wanda likita zai kira da wannan suna, wata duniya ce daban, kuma ba shi da yawa. A nan garkuwar jiki ce take juyowa ta far wa bangon jijiya kamar ta ga baƙo. Bangon ya kumbura, ya yi kauri, hanya ta tsuke, ko ya yi laushi ya buɗe kamar balan-balan. Mai shi yawanci yana jin rashin lafiya a duk jikinsa: zazzaɓin da aka yi ta ba shi maganin maleriya da taifot bai tafi ba, rama, kasala, ciwon gaɓoɓi, ƙuraje ja ko masu duhu da ba sa ɓacewa in an danna su, wani lokacin jini a fitsari.

Iri-iri ne, gwargwadon girman jijiyar da ya kama. Akwai wanda ake kira Takayasu, sunan likitan ido ɗan Japan da ya ba da labarinsa a 1908. Ya fi kama mata 'yan ƙasa da shekara 40, yana kama babbar jijiyar da ta fito daga zuciya da rassanta. Yarinya ce za ta ce hannunta yana gajiya in tana daka ko kitso, a nemi bugun jini a wuyan hannu a rasa, a auna hannun dama a samu wata lamba, na hagu wata. Akwai na 'yan sama da shekara 50, wanda ya fi yawa a Turawan arewacin Turai amma bai bar kowa ba: sabon ciwon kai a gefe, tsakanin ido da kunne, wurin ya yi tsami ko hula ba a son ta taɓa, muƙamuƙi ya gaji in ana tauna. Wannan yana makantar da mutum farat ɗaya, a ranar da aka zarge shi a ranar ake fara magani.

Na yara biyu ne ya kamata iyaye su sani. Ɗaya Kawasaki, ba babur ba, sunan likitan yara ne, shi ma ɗan Japan, da ya bayyana cutar a 1967. Yaro ɗan ƙasa da shekara 5, zazzaɓi mai zafi kwana biyar ko fiye, ido jawur ba kwantsa, leɓe ja a tsattsage, harshe ja, tafin hannu da na ƙafa a kumbure, ƙuraje a jiki. A wurinmu da an ga haka sai a ce ƙyanda ce a rufe yaro a ɗaki. In ba a yi magani ba, kusan ɗaya cikin huɗu jijiyoyin zuciyarsu suna buɗewa, kuma maganin ya fi aiki cikin kwana 10 na farko. Ɗayan kuma yakan biyo bayan mura: ɗige-ɗige ja masu tudu a ƙafafu da ɗuwawu, ciwon ciki, ciwon gaɓoɓi. Yawanci yana wucewa da kansa, amma sai an riƙa gwada fitsari na wasu watanni saboda ƙoda.

Wasu kumburin kuma cuta ce ke tayar da su. Ciwon hanta nau'in B, wanda muke da shi da yawa a ƙasar nan, yana jawo wani. Nau'in C ma haka, da cuta mai karya garkuwar jiki, da tsohon tunjere da ba a yi maganinsa ba. Akwai kuma wanda kusan masu taba kaɗai yake kamawa, samari 'yan ƙasa da 45, yatsu su riƙa baƙi ɗaya bayan ɗaya, kuma ba abin da ke tsayar da shi sai barin taba gaba ɗaya.

Maganin yawancin waɗannan shi ne a danne garkuwar jiki da irin su firedinisolon, ƙarƙashin kulawar likita. Ka lura da wannan, domin dangin maganin nan ne ake sayarwa barkatai da sunan sha-ka-fashe, kuma akan jefa su cikin haɗin ciwon jiki. Ga mai kumburi na gaske ceto ne. Ga Baba guba ne, zai tayar masa da suga da hawan jini, ya hana rauni warkewa. Labarin Baba bai yi kama da kumburi ba ko kaɗan.

Abin yi na farko, a kai shi asibitin da ke da likitocin zuciya da na suga, irin Asibitin Malam Aminu Kano da ke titin Zariya, ko Murtala, ko na Nassarawa. Gwajin farko ba ya buƙatar na'ura. Likita zai sa ya cire takalmi da safa, ya duba launin fata, ko gashin ƙwauri ya zube, ko ƙafa ɗaya ta fi ɗaya sanyi, sannan ya laluba bugun jini a wuri huɗu: matsematsi, bayan gwiwa, bayan idon sawu ta ciki, da saman ƙafa. Daga nan a auna ƙarfin jini a idon sawu a raba da na hannu. Mai lafiya yakan ba da 1 ko sama kaɗan. In ya zo 0.9 ko ƙasa, hanya ta tsuke. In ya wuce 1.4, jijiyar ta yi taurin da ba ta matsuwa, abin da aka saba gani a masu suga da masu ciwon ƙoda, sai a auna a babban yatsa. Hoton sikanin na jijiya zai nuna inda toshewar take, mai ciwo a sha-raɓa galibi a cinya ake samun tasa. A haɗa da gwajin maiƙon jini, da na ƙoda, da gwajin suga mai nuna matsakaicin wata uku, da awon bugun zuciya.

Sai taba. "Ya rage" ba ta wadatar da ni ba. Kara ɗaya a rana yana ɗauke da kusan rabin ƙarin haɗarin ciwon zuciya da mai shan kwali guda mai kara 20 yake da shi. Jijiya ba ta lissafi irin namu. Shisha da taba gari duk gidansu ɗaya. Na san faɗa wa uba wannan magana da nauyi, kai ɗa ne. Ka bar wa likita ya faɗa a gabanka, ko ka nemi wani amininsa da yake jin maganarsa.

Na gaba zai ba ka mamaki: maganin ciwon tafiya, tafiya ce. Yawanci in abin ya fara sai 'ya'ya su ce Baba ya huta, a sayo masa kujera, a riƙa kai shi masallaci a babur. Tausayi ne, amma yana ƙara lalata abin. Ka san in an rufe babban titi a cikin gari yadda 'yan adaidaita ke bi ta lunguna, tun ana gogar bango har hanya ta saba. Jiki ma yana da lunguna, ƙananan jijiyoyi da ke zagaye wurin da ya toshe, kuma tsokar kanta tana koyon yin aiki da ɗan abin da ta samu. Tsarin shi ne ya yi tafiya har ciwon ya kama shi sosai amma bai kai intaha ba, ya tsaya ya sake shi, ya ci gaba. A tara minti 30 zuwa 45, aƙalla sau uku a mako, wata uku a jere kafin a yanke hukunci. Bayan asuba ko bayan la'asar, ba da tsakar ranar Kano ba, da takalmi rufaffe mai laushi, da dabino biyu a aljihu ko suga zai faɗi. Sharaɗi: likita ya fara duba shi, kuma babu miki a ƙafar, babu ciwon ƙirji.

Sai magunguna, kuma na kullum ne, ba a shan su kamar na maleriya a ce an gama. Akwai masu rage kolestarol da ake kira sitatin. Mai irin wannan ciwo ana ba shi ko da gwajinsa ya nuna maiƙon bai hau ba, domin suna ƙarfafa murfin tudun kada ya fashe. Akwai mai hana jini saurin daskarewa, ƙaramin asfirin mai lamba 75 ko makamancinsa, likita ne zai zaɓa bayan ya tambayi tarihin gyambon ciki. Sai na hawan jini da na suga. Kan hawan jini ina da zafi, domin wani babban bincike da aka yi a asibitocin Nijeriya da Ghana, har da Asibitin Malam, aka wallafa a 2018, ya danganta kusan kashi 90 cikin 100 na shanyewar ɓarin jiki a yankinmu da hawan jini. Duk da haka kullum sai na ga wanda ya ajiye ƙwayarsa saboda kansa ya daina ciwo. Hawan jini ba ya sallama. Ku sayi na'urar awo ta gida, a riƙa rubutawa a littafi, a tabbata yana ƙasa da 140 bisa 90, likita ma zai iya neman ƙasa da haka.

Haɗin mai kemis a ajiye shi yau. Irin su dikulofenak suna tayar da hawan jini, suna cin ƙoda, in suka haɗu da asfirin su huda ciki.

Abinci ba sai na tsawaita ba, kun san inda matsalar take. Gishiri ƙasa da giram 5 a rana, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, kuma a lissafa da dunƙule, wanda kusan rabinsa gishiri ne, da kanwa, da yajin tsire. Kitse da kayan ciki da man shanu da man da aka soya ƙosai da shi sau biyar a ja baya da su, haka shayi mai cokali huɗu na suga. Binciken nan na 2018 ya kuma ga masu cin ganye kullum sun fi tsira daga shanyewar jiki. Zogale, rama, alayyahu, kuɓewa, wake, gero da dawa, duk suna 'Yankaba da kasuwar Rimi, ba sai an sayo wani garin magani mai tsada daga waje ba.

Yanzu Gwaggo da ƙahonta. A gaishe ta, niyyarta alheri ce, kuma ba ina jayayya da matsayin ƙaho a al'ada ko a addini ba ne. Amma a wannan ƙafar, a'a. Jinin da ƙaho ke zuƙowa na saman fata ne, jijiyar da ta toshe tana can cikin cinya, ko kusa ba ya zuwa. Abin da zai bari shi ne tsaga a fatar da jini bai ishe ta ba, a jikin mai suga. Rauni da jini yake warkewa. Na sha ganin ƙafar da ta zo mana a ruɓe, in ka bi salsala sai ka tarar daga tsagar aska ta fara, ko sakiya, ko wani ƙulli mai zafi da aka ɗaura. Gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Ba aska kaɗai ba. Da hunturu dattijo yakan miƙa ƙafa gaban kaskon wuta saboda yana jin ta da sanyi, suga ya riga ya kashe masa ji, ya ƙone bai sani ba. Ruwan wanka a gwada shi da gwiwar hannu. Kada ya taka simintin harabar masallaci ba takalmi ranar Juma'a da rana. Masu yawon yankan farce su bar ƙafarsa, ku yanke masa da kanku, a miƙe, ba a shiga gefe ba. Bayan alwala a goge tsakanin yatsu. Faso a shafa masa mai, ban da tsakanin yatsun. A zazzage takalmi kafin a sa. Kuma kowane dare wani a gidan ya haska tocila ya duba tafin ƙafar da diddige, jika ma zai iya.

Akwai alamun da ba a jira gari ya waye. In ƙafar ta yi sanyi ƙalau farat ɗaya, ta canza launi, ciwo mai tsanani, ta mutu ko ta ƙi motsi, kusan awa shida ake da su kafin tsoka ta fara mutuwar da ba dawowa. In ciwo ya fara tashinsa daga barci a yatsu, har sai ya sauko da ƙafar daga gado ya ji sauƙi, ko yatsa ya yi baƙi, ko miki ya yi mako biyu bai kama hanyar warkewa ba, cutar ta shiga wani mataki, a cikin kwanakin nan za a gan shi. In ƙirji ya yi nauyi da gumi, asibiti nan take. In baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta sarƙe, a lura da ƙarfe nawa abin ya fara, domin allurar narkar da gudan jini cikin awa huɗu da rabi ake yin ta. Kada a ɗura masa ruwa ko rubutu, zai iya shaƙewa, kada a ba shi asfirin kafin hoton ƙwaƙwalwa, domin wani shanyewar fashewar jijiya ce. Addu'a a yi ta a cikin mota.

In tafiya da magani ba su wadatar ba, ko ƙafar ta shiga haɗari, akwai aiki. Ana zura siririn bututu ta matsematsi a buɗe wurin da ya tsuke, wani lokacin a bar ɗan ragar ƙarfe ya tokare shi. Farkon wanda aka yi wa wannan a duniya, a Amurka a 1964, tsohuwa ce 'yar shekara 82 da ta ƙi yarda a yanke mata ƙafa, kuma ta koma tana takawa. Ko kuma a ciro wata jijiya daga ƙafar a yi wa jini gada ya tsallake toshewar. Aiki ne mai tsada, masu yin sa ba su da yawa a ƙasar nan, kuma in an koma wa taba sabuwar hanyar ma toshewa take yi. Daga abin da ka bayyana, Baba bai kai nan ba.

Ranar da za ku je, ku zuba duk magungunansa a leda ku tafi da su, har da haɗin kemis da na gargajiya, kada a ɓoye komai don kunya. Kafin ranar, ka raka shi masallaci sau biyu ko uku ka ƙirga taku nawa yake yi kafin ƙafar ta ɗaure, ka rubuta, da wannan lambar za a gane ko magani yana ci bayan wata uku. Ya sa wando mai faɗi da zai naɗe har cinya. Kai ma in an gama da shi ka miƙa naka hannun a auna, tunda suga da hawan jini suna bin gida.